Garmahon Gidan Direba Ya Yi Shiru

Da zuciyar da baƙin ciki ya cika fal, da kuma sallamawa ga hukuncin Mai Kowa Mai Komai, Batulu matar direban gyaɗa, ta bayan kasuwar hatsi a Gidan Rumji, tana sanar da 'yan uwa da maƙwabta da masoya kiɗa na kusa da na nesa rasuwar garmahon gidansu, wanda ya yi shiru ranar Lahadin da ta wuce bayan jinyar da ta ci masa damina guda. Da labari ya bazu mata suka shigo gaisuwa. Ana zaune, sai yarinyar gidan, wadda ba ta wuce shekara huɗu ba, ta ɗago kai daga cinyar wata maƙwabciya ta ce, “Inna, ke kinka kashe shi?” Aka yi dariya, aka ce bakin yara ne. Batulu ba ta yi dariya ba. Ta ga gara a rubuta komai a takarda, a ba direbobi su kai Tibiri da Cadawa da Agye har Gazawa, kowa ya karanta ko a karanta masa, tun kafin tambayar ta bar bakin yara ta koma bakin manya.

Marigayi ba ɗan ƙasar nan ba ne. Maigida ya zo da shi daga Ikko a shekarar da aka sauke tutar Faransa, ya saye shi hannun wani ma'aikacin jirgin ruwa tare da faifai cike da kwando. Akwati ne madaidaici mai jar fata, muryarsa a murfi, hannu guda gare shi siriri mai allura a baki. Abincinsa pil, manya irin na tocila, kuma yana da ci. Duk da haka gidan bai taɓa ganin nauyinsa ba, saboda halinsa. Bai taɓa gulma ba, abin da aka ɗora masa shi yake faɗi, ba ƙari ba ragi. Ba ya faɗa wa mutane da magana, sai ya yi gyaran murya tukuna, shhh, tas, tas, kamar an jefa ƙosai a mai. In aka kira salla aka ɗaga masa hannu, nan take yake yin shiru, abin da ba duk mazan zauren ke iyawa ba. Ya halarci sunaye da bukukuwa a kan mutane, a naɗe cikin bargo, kuma ranar bikin jamhuriya har filin lakol, makarantar boko, aka kai shi, yara suka yi ta leƙa bayansa suna neman ƙofar da mawaƙan ke shiga.

Duk ranar da maigida ya sauka daga tafiya, in an yi la'asar, sai a shimfiɗa tabarma a ƙofar zaure, a zaunar da marigayi a kan kujerar tsugunno, maza su kewaye shi. A nan maigida yake karatunsa. Ya raba faifan duniya gida biyu, kamar gero da dawa: akwai rok, akwai bulus. Rok, in ji shi, kiɗan ƙoshi ne. Yara ne suka ci suka sha aka ba su ganguna da wutar lantarki, suna ihu kamar kunama ta harbe su, kuma in ka ji waƙar farko ka ji ta ƙarshe. Bai hana a saurara ba. Ya ce ya dace da lodin buhuna da wankin mota da duk aikin da ba ya son tunani. Bulus kuwa sai ya gyara zama kafin ya taɓo maganarsa. Mutum ne shi kaɗai da molonsa mai tsirkiya shida, ya faɗi damuwarsa, ya sake faɗi don kada a ce ba a ji ba, a na uku ya ba kansa amsa tunda ba mai ba shi. Maigida ba ya jin Ingilishi in ban da na tasha da na kan iyaka, amma ya rantse yana gane komai: wannan matarsa ce ta yi yaji, wannan fari ya kashe masa gona, wancan jirgin ƙasa ya tafi ya bar shi da kaya a hannu. Yana cewa masu bulus jikokin mutanenmu ne da aka sayar aka haye teku da su, an ƙwace musu suna, an ƙwace harshe, aka manta da kunne.

Mai ja da shi a kullum shi ne Ɗanbaba tela, abokinsa tun na ƙuruciya. Shi a wurinsa bulus kiɗan wanda jakinsa ya mutu ranar kasuwa ne. Mutumin da ya wuni yana taka keke, in ji shi, ba ya bukatar wani ƙato daga bayan teku ya zo ya koya masa kuka; ƙasa ta sami 'yancinta, a sa abin da ke ta da ƙafa. “Kai dai Direba,” yakan ce, “ko ranar suna aka ba ka wuri, makoki za ka buɗe muna.” Maigida ya ce masa kunnensa irin ɗinkinsa ne na jajibirin salla, ya yi kyau kwana biyu ya warware. Haka suke har magariba, ba wanda ya taɓa ja da baya, kuma gobe Ɗanbaba ne farkon zuwa.

Batulu ta bayan katanga take ji, kuma tana da nata ra'ayin ko da ba a tambaye ta ba. Rok yana sa taɓarya sauri. Dakan da kan kai ta almuru, in ana rok rana na sama take gamawa. Bulus ba na aiki ba ne, wuta kan mutu a murhu mutum na tsaye da muciya a hannu. Amma shi ta fi so, ba ta ɓoye ba. Ya kamata a san wannan kafin a karanta abin da ke tafe.

Marigayi ya rasu ya bar marayu, kowanne cikin rigarsa ta kwali. Gidan ba ya karanta sunayensu, da hoton riga ake kiransu. Akwai Jar Riga, babba a ɗakin rok, saurayi mai gashi a tsaye kamar zankon zakara, wanda maigida ke cewa fuskarsa ta farko wuta ce, ta biyu toka. Akwai Samari Masu Kwat, waɗanda ya ce mai gangarsu ne ke ɗauke da su, ranar da ya yi zazzaɓi sai su koma tallan goro. Akwai Uwar Ɗaki, mace mai jiki, mai murya kamar tana kiran shanu daga ƙetaren gulbi. Ita kaɗai Direba da Tela suka haɗu a kanta, kowa na cewa 'yar ɗakinsu ce. Akwai Tsoho Mai Malafa, wanda rana ta lanƙwasa a bayan mota har allura na hawa da sauka a kansa kamar kwalekwale, amma maigida ya ce ko a lanƙwashe ya fi rok goma a miƙe. Akwai Mai In'ina, da ya sami tabo ranar da akuya ta faɗo zaure, in ya kai wani wuri sai ya tsaya yana nanata kalma guda sai an ɗan taɓa shi. Ya kuma bar matattun pil rabin ƙwarya, da ƙyallen da ake share masa fuska, da maza da dama da yanzu ba su san inda za su kai la'asarsu ba.

Sai auta, Mai Kwalba.

Shi bara ya zo gidan. Rigarsa ba mutum a jiki, hanya ce kawai ta jar ƙasa da itace guda a gefe. Wanda ya sayar wa maigida ya ce makaɗin wuyan kwalba yake zura wa yatsa yana gogawa a kan tsirkiya, shi ya sa ba ta yin tin-tin irin na molo, sai dai ta ja wiiiii, ta sauko, ta yi rawa, ta sake hawa. Maigida ya ce wannan ne ƙarshen kiɗa, duk sauran share fage suka yi masa. Ɗanbaba ma ranar farko bai yi ba'a ba. Cewa kawai ya yi abin ya yi kama da wani abu, ya tashi ya koma kan kekensa. Duk wanda ya girma a ƙasar Gobir ya san da abin da ya yi kama. Goge ne. Kuma ba gogen biki ba, na masu bori, irin wanda ake ja a hankali in ana kiran waɗanda ba a ambatar sunansu da tsakar rana.

Yarinyar tana gina ɗakin ƙasa a gindin turmi lokacin da waƙa ta biyu ta fara. Ta saki abin da ke hannunta. Ta zauna daɓas, ƙafafu a miƙe, ido a buɗe ba ya kallon kowa, kanta na lilo gaba da baya. Batulu ta girgiza ta, ta shafa mata ruwa, kamar tana taɓa ɗiyar wani. Sai da allura ta kai ƙarshe, marigayi ya koma shhh, tas, tas, sannan yarinyar ta yi atishawa, ta sake, ta sake, ta dubi uwarta ta ce yunwa take ji.

Haka aka yi a karo na biyu, haka a na uku. Jar Riga bai taɓa yi mata haka ba, Uwar Ɗaki ma rawa take sa ta. Batulu ta kai ta likita a Maraɗi, aka duba ido, aka duba harshe, aka ba ta maganin tsutsar ciki. Ta karɓo rubutu wurin liman, yarinyar ta sha. Ta roƙi maigida ya bar sa Mai Kwalba in yarinyar na gida. Ya yarda, ya kwana biyu yana kiyayewa, amma mutum ne da in ya dawo da gajiyar hanya hannunsa da kansa yake zuwa kan wannan faifai. Kuma shi abin bai ba shi tsoro ba, alfahari ma yake yi. “Ɗiyar ga kunne gare ta, ba ciwo ba,” in ji shi. “Duk garin ga, ni da ita kaɗai munka san abin da mutumin ga ke faɗi.”

Labari ya kai Tibiri, ya kai kunnen Gwaggo Tala, ƙanwar mahaifin maigida, wadda ta riƙe shi bayan rasuwar uwarsa, wadda kuma kowa ya san matsayinta a cikin masu bori. Ta zo da kanta a kan jaki, ana sharar gonaki. Ba ta yi faɗa ba, ba ta ɗaga murya ba. Da ta yi, da abin ya fi sauƙi. Ta sa aka ɗora faifan, ta saurara, ta kalli yarinyar tun daga zamanta har atishawarta, sannan ta goge mata hanci da bakin zanenta. Ta ce wa maigida wannan take ne, ta san mai shi, kuma mai shi ya yi doguwar tafiya kafin ya sami wadda yake nema. Ta ce in an yi girbi a kai mata ɗiyar ta riƙe, a yi abin da ya kamata tun tana ƙarama, kafin a zo a karɓa da ƙarfi. Sannan ta juyo wurin Batulu da fara'a ta ce, “Ke kuwa amarya, ɗiyar fari ba taki ba ce, kin sani. Yi ta kunyarki.”

Batulu ta sani. An koya mata tun kafin a kai ta ɗaki: 'yar fari ba a kiran sunanta, ba a yi mata wasa gaban mutane, ba a nuna an damu, in dangin uba suka miƙo hannu sai a sunkuyar da kai. Ta sunkuyar. Ta dama wa Gwaggo fura, ta raka ta har bakin gari. Ba ta ce ta san abin da ke kama yarinyar ba. Ko iska ne, ko wani ciwo ne da likita bai gano ba, ko kuwa kunne ne kamar yadda uban ya ce, Allah ne masani. Abin da ta gani da idonta shi ta riƙe: in faifan ya juya yarinyar ta tafi, kuma kowane karo tafiyar na daɗa nisa. A na ƙarshe sai da allura ta daɗe tana shhh a tsakiyar faifai, maza suka fara kallon juna, kafin atishawar ta zo. Ta kuma san mushe, malamin lakol, ya ce baɗin baɗaɗa zai karɓi yarinyar a aji, kuma yaran da aka kai riƙo gidan Gwaggo ba ta ga wanda ya dawo ya riƙe alli ba.

Jinyar marigayi ta fara da saukar ruwan farko. An ɗauki maigida aikin jigilar siminti zuwa Yamai, ya daɗe ba ya gida. Kafin ya tafi ya ce a ajiye marigayi wuri mai kyau, a cire masa pil. Batulu ta ajiye shi a ƙuryar ɗakinta, kusa da randa, ƙarƙashin inda azara ta tsage. Kowa ya san ɗakin Batulu ƙarami ne, kuma daminar bana ba ta bar wuri busasshe a gidan kowa ba. Maganar pil kuwa, mace mai noman gamana, 'yar gonarta ta kanta, da daka da ɗiban ruwa ba duk abin da aka faɗa mata a bakin ƙofa take riƙewa ba. Iyakar abin da za a ce ke nan, ga yara da manya: ajali ne, kuma ya zo a kan lokacinsa.

Da maigida ya dawo ya buɗe murfi, wari ne ya fara gaishe shi. Pil sun kumbura sun fashe, sun yi aman wani gishiri fari da kore, ya ci ƙarfen ciki ya bi wayoyi. Aka kankare, aka shanya a rana, aka sa sababbi. Marigayi ya yi ƙoƙari, Allah ya gani. Aka ɗora masa Uwar Ɗaki, ya juya da ƙyar, muryar matar ta fito ta namiji, wooo, mmm, wooo, irin ta bijimin da aka kwantar za a yanka. Kaji suka watse. Aka kai shi Maraɗi wurin Sha'ibu mai gyaran rediyo, ya dawo da shi a naɗe ya ce ruwa ya kai inda hannunsa ba ya kaiwa. Ranar Lahadi maigida ya yi gwajin ƙarshe. Marigayi ya yi tas guda, faifai ya yi rabin juyi, ya tsaya.

Maigida ya zauna a gabansa har aka kira magariba. Batulu ta taya shi baƙin ciki da gaske, don ita ma ta yi rashi; taɓarya ta koma nauyinta na da, kuma ba za ta ƙara jin Tsoho Mai Malafa yana ba kansa amsa ba. Amma ana sanar da masu tambaya cewa tun farkon damina yarinyar ba ta ƙara irin wancan zama ba. Ta yi kumatu, tana cin tuwo har da neman ƙari, tana dambe da 'ya'yan maƙwabta kamar kowa. Da gero ya fara nuna Gwaggo Tala ta aiko a ji ko ana nan kan magana. Aka mayar mata cewa ɗiyar lafiya lau, abin ya wuce. Amsarta gajeriya ce: in ya wuce, a sa taken a gabanta. In ɗiyar ta ji ba ta motsa ba, ta janye hannunta. In ta motsa, da ita za ta koma Tibiri.

Za a yi jana'iza ranar Alhamis bayan la'asar, a bayan rumbun gidan. Ba za a yi wanka ba, marigayi ya sha ruwan da ya ishe shi. Ba za a yi salla ba, tunda ba a san addininsa ba. Za a naɗe shi cikin sabon buhun gyaɗa, Ɗanbaba ya ɗauki nauyin ɗinke bakin, a haƙa rami mai zurfi yadda kare ko mai gyara ba zai tono ba. Za a raba wa yara gumba. Masu zuwa gaisuwa su zo da addu'a kawai. Kada a kawo pil, kada a kawo labarin wani gwani a Katsina ko Damagaram mai ta da matattu. Marayun ɗakin rok Ɗanbaba zai riƙe su, tunda shi ya san darajarsu. Na bulus su zauna a ƙasan akwatin maigida, ya riƙa fiddo su yana kallon hoto.

Batulu ta so a binne Mai Kwalba tare da marigayi, auta ya raka uba. Jiya ta jawo kwandon don ta ware shi. Rigar na nan, da hanyarta da itacenta. Ta ɗaga ta ji ba nauyi. Ta zura hannu, ba komai. Ta tambayi maigida, ya ce ya ajiye. Ta ce ina, ya tashi ya je duba tayar mota. Yau da safe kuma ya ce in an gama jana'iza zai sa yarinyar a gaban mota ta ga gari, su biya Tibiri su ɗauki Gwaggo, in hanya ta yi kyau su leƙa gabas. Shi ba mugu ba ne, wannan ma a rubuta. Ya yi imani in aka sa faifan gaban Gwaggo gaskiyarsa ce za ta fito, a ga kunne ne kawai, kowa ya huta. Faifai na hannunsa, yarinya tasa ce, Gwaggo a shirye take. Abin da ya rage masa garmaho mai rai.

Ba su da yawa a ƙasar nan, kuma an san gidajensu: na mai kantin yadi a Cadawa, na tsohon soja a Gangara, na mushe a Agye, wataƙila da wani da ya shigo bana ba a ji labarinsa ba. Saboda ku aka yi wannan takarda. Maigida zai ji abin da ke cikinta, direbobin da ke ɗauke da ita abokansa ne. Batulu ta sani, ta kuma shirya wa abin da zai biyo baya. Tun da aka kawo ta gidan nan ba ta taɓa kama sunan mijinta ba, ba ta taɓa kiran 'yarta da sunanta ba ko a ɗaka su biyu. Yau za ta rubuta, duk mai cewa ba ta da kunya ya ce. Sunan mutumin Sanda, dogo ne, da tsagar gobirci a kumatu, motarsa koriya. Sunan yarinyar Habi. Baƙa ce siririya, da jar laya a wuya, tana gaida mutane da hannu biyu.

To, kai mai garmaho da ke karanta wannan, ko ake karanta maka: in Sanda ya yi maka sallama da faifai ba riga a ƙarƙashin taguwa, Habi na riƙe da yatsansa, wata dattijuwa na biye da su, ka ba su ruwa, ka ba su tabarma, ka ce pil ɗinka sun mutu. Zai yaba kayanka, zai ce waƙa ɗaya ce tak, ta biyu kawai. Zai ciro sababbin pil daga aljihu, don mutum ne mai shiri. Kada ka karɓa. In ka ɗora allurar nan, Habi ba za ta koma Gidan Rumji ba, kuma Batulu za ta zo ƙofar gidanka da ƙafarta, gaban iyalinka da maƙwabtanka, ta tsaya tana kiran sunan 'yarta da ƙarfi har sai ka fito ka nuna mata inda ka kai ta.